Kokawar Rumfa da Turancin Mai Awo

A wani layi da ke bayan tashar manyan motoci akwai sito biyu masu kallon juna. Na dama siminti ake saukewa a ciki, na hagu fulawa. Da tsakar rana leburorin dama su fito toka-toka, na hagu su fito fari fat. Tsakaninsu rumfa ɗaya ce tak, ta kwano, mai benci uku da famfo a gefe. Duk layin babu wata inuwa sai ita.

Rigimar rumfar nan ta girmi wasu daga cikin leburorin. Wa ya riga zama, wa ya miƙe ƙafa, wa ya kaɗe rigarsa a kan abincin wani. Da manajojin sito biyun suka gaji da rabon faɗa sai suka yanke magana. Nan da mako biyu, ranar Asabar, a yi kokawa, mutum uku-uku. Ɓangaren da ya ci biyu, rumfa tasa ce shekara guda. Wanda ya sha ƙasa ya ci abincinsa a rana.

To a sito na siminti akwai mai awo, ana ce masa Ƙamus. Aikinsa ya zauna gaban sikeli ya duba allura. Bai taɓa ɗora buhu a kafaɗa ba. Ƙaton ciki gare shi da tabarau da aka ɗaure da zare. Sunan ya samo shi ne daga wani tsohon ƙamus na Turanci da ya gani a shagon mai ƙusa ana yagar shafukansa ana naɗe kaya, ya roƙa aka ba shi. Tun ranar ba a sake cin abinci cikin shiru a rumfar ba. Ko cokali ka ɗauka sai ka ji sunansa da Turanci da inda sunan ya fito. Kujerarsa ta roba tana kusurwar da iska ta fi bi, kuma duk duniya babu wurin da yake so kamar kusurwar nan.

Shugaban leburorin siminti kuwa Tsoho ake ce masa. Shekara talatin yana dako, kuma maganarsa ta wuni ɗaya ba ta cika cokali. Da aka sanar da kokawa sai ya dubi mutanensa ya nuna uku da haɓa: Randa, wanda faɗinsa ya kusa kai tsawonsa, da Tabarya dogo, da Katako.

"Ku ci abinci, ku yi barci," in ji shi. Horonsa ke nan gaba ɗaya.

Ƙamus ya miƙe. Ofishin manaja ya wuce, ya shafe awa guda yana bayani. Manaja, wanda ya fi son a bar shi ya sha shayinsa, ya ce ya je ya yi yadda ya ga dama. Ƙamus ya fito da usur a wuya.

"Daga yau ni ne mai horarwa," ya gaya wa rumfa. "Ku kalma ɗaya kuke da ita, kokawa, kun dunƙule komai a ciki. Bature yana da kusan goma. Kowace kuma da asalinta. Wanda ya san asalin kalma ya riƙe wuyan abin, sauran aikin gaɓoɓi ne kawai."

Mai sayar da abinci a rumfar matar yayansa ce, gida ɗaya suke zaune, kuma ba ta taɓa barin maganarsa ta kai ƙasa ba. Tana zuba miya ta ce, "Ƙanin miji, shi Baturen da ya rubuta littafin, wa ya taɓa kayarwa?"

"Yaya, ki tsaya a kan tukunyarki."

"Ina kai. Tambaya na yi."

Tsoho ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya koma aiki.

Washegari da hantsi Ƙamus ya tara 'yan kokawarsa uku a tsakiyar layi, littafi a hammata.

"Kalma ta farko, girafil. Ma'anarta cafka, riƙon da ba saki. Daga ina ta fito? Daga wata ƙugiyar ƙarfe. Mutanen da, in jirginsu na ruwa ya kusanci na abokan gaba, sai su wurga ta da igiya, ta kama, su jawo shi. Daga ƙarfen nan sunan ya koma kan hannun mutum. Saboda haka wanda bai iya ƙugiya ba bai iya cafka ba."

"Malam, to ina jirgin?" in ji Katako.

"Ga shi can."

Baro ne aka kife a bakin kwata. Ƙamus ya riga ya sa mai walda ya haɗa masa ƙugiyar buhu huɗu wuri guda. Ya ɗaura mata igiya, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙugun Tabarya, wai don jiki ya ji abin da hannu ya kama.

Tabarya ya juya ƙugiya sau uku ya saki. Ƙarfi ya yi mata yawa. Ta tsallake baro ta faɗa cikin sarƙar bayan wata tirela da ta gama sauke fulawa. Direba bai san da zancen ba. Ya sa giya.

Da farko tafiya Tabarya yake yi. Can ya fara sassarfa.

"Malam Ƙamus, ta kama."

"To ja mana. Kai ne za ka jawo shi, ba shi ba."

"Malam, ba ya jawuwa."

'Yan fulawa suka jeru a ƙofar sitonsu suna ɗaga masa hannu. Wani ya ce in ya isa ya gaishe da mutanen gari. Wani ya ce ya taho musu da tsaraba. Ƙamus na biye a baya yana busa usur, ciki na gaba, takalmi ɗaya ya riga ya zame. Sai a kwanar layi direba ya tsaya sayen ruwa, ya leƙo ya ga mutum zaune a ƙasa ɗaure da motarsa. A cikin jirgin aka dawo da Tabarya, wato baro, gwiwoyi a saɓule, idon sawu ya kumbura.

"Kun dai ga riƙo," in ji Ƙamus yana haki. "Tirela guda, kuma bai saki ba."

"Igiya ce ba ta saki ba," in ji Tsoho.

Kalma ta biyu kowa ya san ta daga talabijin, resilin. Ƙamus ya ce sun sani ne a baki kawai. Asalinta murɗawa ce, irin ka murɗe abu daga hannun mutum da ƙarfi, ka yi ta maimaitawa. Saboda haka ya sa a jiƙa tsofaffin buhuna, Randa da Katako su riƙa matsewa, Tabarya na zaune yana matse nasa da ƙafa a miƙe.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa akwai ƙarti a bayan tasha masu matse wanki kyauta. Washegari mata suka yi layi da bokitai. Matar yaya ta kawo labulayen gida duka da bargon da ta shekara tana jin ƙyuyar wankewa.

"Ƙanin miji, Allah ya ja kwanan Baturen nan," in ji ta. "Ka duba mana ko akwai wadda asalinta guga ne."

Ƙamus ya juya ya ci gaba da busa usur.

Kwana uku ana matsa. A na huɗu Randa ya murɗa zanen gadon wata mata ya rabu biyu a hannunsa, matar ta tsaya a kansa har sai da ya haɗa ta da Allah. Ƙamus ya ce ai alama ce, tsumma ya yi musu laushi, yanzu ƙarfe suke bukata. Ya duba ya duba, idonsa ya faɗa kan famfon rumfa, wanda kansa ya daɗe da yin tauri.

"Randa, zo ka nuna musu."

"Malam, wane ɓangare zan murɗa?"

"Littafi bai ware ɓangare ba."

Randa ya tofa yawu a tafi ya murɗa. Kan famfo ya biyo hannunsa. Ruwa ya yi sama ya bugi kwanon rumfa, ya dawo ya kashe murhun matar yaya, ya bi gangare. Gangaren kuwa ƙofar siton siminti yake kallo.

Aka yi ta gudu da buhuna. Duk wanda ke layin ya sa hannu, ban da 'yan fulawa, waɗanda suka jawo benci zuwa busasshen wuri don su ga da kyau. Kafin mai gyaran famfo ya zo ya rufe daga tushe, buhu goma sha ɗaya sun sha ruwa, kuma kafin wayewar gari sun zama dutse. Manaja ya fito da wando a naɗe, ruwa har idon sawu.

"Ranka ya daɗe, ka ga ƙarfin da muka gina cikin kwana huɗu," in ji Ƙamus.

"Na gani. A cikinsa nake tsaye."

"Nan da Asabar ɗin kokawa kuwa..."

"Nan da Asabar ka kawo mini rumfa. In ba haka ba kada ka kawo mini bayani."

Aka jingine buhunan dutsen a bayan ƙofa. Matar yaya ta sayar da abinci mai sanyi ranar, duk wanda ya yi ƙorafi ta nuna masa ƙanin mijinta da ludayi.

Mako na biyu ya shigo da kilinc. Ƙamus ya ce ita ce rungumar da 'yan dambe ke yi su manne wa juna, amma asalinta daga kafinta take: ya buga ƙusa ta huda katako, ya lanƙwasa bakinta ta baya don kada ta zare. Ya aro guduma, ya haye benci kamar mai hawa jaki, ya ce Katako ya riƙe masa ƙusa.

"Malam, ka taɓa riƙe guduma kuwa?"

"Na san sunanta a harshe biyu."

Bugu na farko ya sami ƙusa. Na biyu ya sami benci. Na uku ya sami babban yatsan Katako. Katako bai yi ihu ba, ya dai tashi ya zagaya rumfa sau biyu da yatsa a hammata yana kiran sunan kakarsa. Ƙamus ya ƙarasa buga ƙusar shi kaɗai don kada darasi ya lalace, ya leƙa ƙasa ya lanƙwasa ta da kyau. Da ya miƙe sai benci ya miƙe tare da shi. Ya haɗa da gefen rigarsa.

Ya taka, benci ya biyo. Ya juya, benci ya share kwanukan mutum biyu.

"Alhamdu lillahi," in ji matar yaya. "Yau dai ka sami mai bin ka a layin nan."

"Wannan shi ne ma'anar kalmar. Ba ta zarewa."

"To ka tafi da shi gida, dama muna neman wurin zama."

Da almakashi aka raba su. Yatsan Katako ya kumbura ya yi baƙi, ko igiyar wandonsa ba ya iya ɗaurewa, balle ya kama ƙato. Saura Randa, sai Tabarya mai ɗingishi.

Ranar Alhamis Tsoho ya tare Ƙamus a bakin sikeli.

"Bar Randa ya huta."

"Baba Tsoho, saura kalma ɗaya, kuma ita ce babba."

"Bar shi."

"Da a ce ka yi makaranta..."

"Na yi aji biyu. Bar shi."

Bai bar shi ba. Ranar Juma'a da safe ya sanar da takil. Ya ce 'yan ƙwallo sun ara ne, suna nufin ka tare mutum ka kai shi ƙasa, amma asalinta igiyoyi ne da garen da ake ɗaga kaya da su a jirgin ruwa. Kuma mutum ba zai iya ɗaga wani ba sai ya san yadda ɗaguwa take a jikinsa. Ya zo da tsohon garen keke zai rataya a ƙarfen rumfa.

"Ban da rumfa," in ji Tsoho.

Sai ya rataya shi a ƙarfen saman ƙofar sito, inda tirela ke shiga. Aka zarga igiya, aka ɗaure Randa ta hammata. Mutum biyar suka ja, Ƙamus na ba su lokaci da usur. Randa ya tashi sama a hankali yana murmushi, don tun yana yaro ba a taɓa ɗaga shi ba. Ya kusa kai ƙarfe sai igiya ta zame daga garen ta maƙale a gefe. Aka ja, shiru. Aka saki, shiru. Randa na can yana juyawa sannu sannu, sau ɗaya ya kalli sito, sau ɗaya ya kalli layi.

"Malam, na san yadda take. A sauke ni."

"Yi haƙuri, ina dubawa."

Ya buɗe littafi. Littafi ya yi bayanin ɗagawa, bai ce komai kan saukewa ba.

Rana ta take. 'Yan fulawa suka ɗauko kwanukansu suka zo ƙasan Randa. Wani ya ce ya hango musu ko motarsu na tafe. Wani ya tambaye shi ko can sama ma ana zafi. Matar yaya ta ɗaura kwanon abinci a bakin sandar share yana ta miƙa masa, amma duk sanda ya kai hannu sai igiya ta juya shi.

"Ku kawo tsani," in ji Tsoho, ya tafi nema da kansa a layin baya.

Ƙamus bai ga dalilin jira ba. Tsani aikin marasa dabara ne. Ya ce a jera buhuna a ƙasa don Randa ya sauka a kan laushi, shi kuma zai hau kan durom ya yanke igiya. Waɗanda aka aika suka ɗauko buhunan da suka fi kusa, na bayan ƙofa. Ƙamus yana kan durom da wuƙa, bai duba ƙasa ba.

Ƙarar da aka ji har mai facin taya na kwanar layi ya leƙo. Da Tsoho ya dawo da tsani ya tarar da Randa kwance a kan buhunan dutse goma sha ɗaya yana kallon sama, yana cewa a gaya wa matarsa ya yafe mata. Ƙashi bai karye ba, amma bayansa ya riƙe, ko ruku'u ba ya iyawa.

Tsoho ya ajiye tsani a hankali. Ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a makon.

"Mutum uku aka ce. Gobe ni, da Tabarya, da kai."

"Mai horarwa ba ya shiga fili," in ji Ƙamus. "Ko'ina a duniya."

"Wannan zai shiga," in ji manaja daga ƙofar ofis.

Asabar da safe Ƙamus ya aiko cewa cikinsa ya ɓaci. Matar yaya ta ce ƙarya ne, a gabanta ya share kwano biyu har ya nemi ƙari. Leburori biyu suka je suka taho da shi.

An zuba yashi a tsakiyar layi. Mutane har kan motoci. Mai facin taya ne alƙali, don ba ya cin abinci a rumfar, ba shi da ɓangare. A gefen 'yan fulawa akwai baƙuwar fuska, wani matashi mai laktaye, sabon manajansu, ranar ya kama aiki bayan an ɗauke na da.

Karo na farko, Tsoho da wani ƙato da ake kira Tanki. Tsoho ya cire riga ya ninke ta ya ajiye. Suka sunkuya, suka kama juna. Aka yi kamar minti ɗaya babu wanda ya motsa. Sai Tsoho ya ɗan ja da baya kamar ya gaji, Tanki ya biyo da nauyinsa duka, ƙafar Tsoho na nan tana jiransa. Yashi ya tashi. 'Yan siminti suka ɗauki sowa.

Ƙamus ya rugo da littafi a buɗe. "Baba Tsoho, wannan wace ce ka yi a ciki?"

"Kayar da shi na yi."

Karo na biyu, Tabarya da ɗingishinsa. Abin mamaki, ya yi kyau. Dogayen hannuwansa suka zagaye ƙugun abokin karawa, ya fara ɗaga shi, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Rumfa ta kusa zama tasu. Amma Ƙamus daga gefe ya ga kuskure babba: yaron zai yi takil bai yi kilinc ba. Tsallake darasi ne ƙiri-ƙiri. Ya sa usur a baki ya busa iya ƙarfinsa.

Tabarya ya ɗauka alƙali ne ya tsayar. Ya saki, ya juyo yana tambayar me ya faru. Amsar ta zo masa ta baya.

Mai facin taya ya zo ya cire usur daga wuyan Ƙamus ya sa a aljihu. Ɗaya da ɗaya. Komai ya rataya a karo na uku.

Da Ƙamus ya ga wanda 'yan fulawa suka fito da shi sai zuciyarsa ta dawo wurinta. Mai ɗinkin buhunsu ne, wani siriri mai furfura a gemu, wanda kullum yake zaune a lungu da basilla. Ko rabin Ƙamus bai kai ba. Ƙamus ya cire riga, ya gyara singileti a kan ciki, ya miƙa wa matar yaya littafi da tabarau.

"Riƙe da kyau, Yaya. Ba zan daɗe ba."

"Ni ma haka nake gani."

Ya shiga fili ya zagaya sau ɗaya don a gan shi.

"Bawan Allah, kafin mu fara, ka san sunan abin da kake shirin yi da Turanci?"

"A'a, malam."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, malam."

"To ka ga inda matsalarka take."

"Haka ne, malam. In zo?"

Ya zo. Shekara ashirin yana jan zare ta cikin buhu, yatsunsa sun zama kamar filaya. Ƙamus ya ji an kama masa ɗamara, sai ya fara bin darasi daga farko a zuci. Akwai jirgi biyu a kan ruwa. Yana nan bai kai ga wurga ƙugiya ba ya ga kwanon rumfa, ya ga sama, ya ga takalman mutane a kusa da hancinsa.

Ya miƙe yana tofar da yashi. "Ban shirya ba. A ƙa'ida sai an ce a fara."

Mai facin taya ya dubi jama'a. Jama'a suka ce a sake, har da wasu 'yan siminti. Aka ce a fara. Wannan karon Ƙamus ya yanke shawarar ya tsallake zuwa murɗawa. Ya kai hannu, bai sami kowa a wurin ba. Ya sake ganin kwanon rumfa, amma ta ɗaya ɓangaren. Mai ɗinkin buhu ya ajiye shi a hankali, kamar buhun da yake tsoron ya fashe, ya zauna a kan cikinsa yana jiran alƙali.

Matar yaya ta matso bakin fili tana fifita da littafin.

"Ƙanin miji, ita wannan me Bature ke ce mata?"

"Ban kai shafin ba," in ji Ƙamus daga ƙasa.

Litinin da tsakar rana 'yan siminti suka ci abinci a gindin katangarsu, inda inuwar ba ta kai tafin hannu ba. Randa na jingine a karkace. Katako na ci da cokali a hannun da bai saba ba. Can tsallake 'yan fulawa sun baje a benci uku, wasu har da kwanciya. Ƙamus na kan kujerarsa ta roba, wadda rana ta sa ƙafafunta suka fara buɗewa. Gumi na bin zaren tabarau. Babu mai yi masa magana.

"Ita rana, a Turance..." ya fara.

Randa ya juyo da wuya kaɗai ya dube shi. Ƙamus ya mayar da kai kan kwanonsa.

Tsoho ya gama cin abinci. Ya miƙe ya ce wa Ƙamus ya tashi, ya ɗauki kujerar, ya ce ya biyo shi. Suka tsallaka layi. Sabon manajan fulawa na tsaye a bakin rumfa yana shan iska.

"Ranka ya daɗe," in ji Tsoho, "wannan ne ya yi mana horo. Da Turanci. Littafi gare shi. Mu ne ba mu da kan ɗauka."

Ƙamus ya dubi Tsoho. Ashe dai mutumin ya san girman ilimi.

"Da Turanci?" in ji manaja, ya gyara laktaye. "Kamar yaya?"

Ƙamus ya buɗe littafi. Cikin minti goma manaja na gyaɗa kai yana cewa wannan shi ne tsarin zamani, irin abin da ma'aikata ke bukata. Ya ce baɗi za a sake karawa, kuma ba ya son rumfa ta kuɓuce a zamaninsa. Daga yau, kullum bayan cin abinci, horo na awa guda, dole ne ga kowa.

"Ranka ya daɗe," in ji Tanki, ya miƙe zaune, "mu fa da idonmu muka ga..."

"Ilimi kuke gudu. Na san irinku. A ba malam wuri."

Aka mayar da kujerar roba kusurwarta, inda iska ta fi bi. Ƙamus ya zauna ya miƙe ƙafa. Daga tsallake ya jiyo muryar Katako.

"Baba, haka kawai ka ba su shi?"

"Haka kawai. Shekara ɗaya ce, ku daure da rana."

Ƙamus ya girgiza kai don tausayi. Sun yi rashi, kuma sun sani. Ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi, ya dubi ɗalibansa ta saman tabarau.

"To. Wa ya fi ƙarfi a cikinku? Ya matso."

Babu wanda ya motsa. Mutum goma sha biyu, kowa na nuna na kusa da shi.